Wanda Zai Zuba Tokar Mijina An Hana Shi Shiga Fili

Anti Eirlys, don Allah ki taimake ni da shawara. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba, ga shi abin da ke raina rabinsa murna ce rabinsa kuka.

Sai da farantin ya huce na gane wani abu ya faru. Ni ce mai girki a kulob ɗin zari-ruga na garinmu tun ina amarya. Al'adarmu, idan an tashi wasa ranar Asabar, 'yan wasanmu da baƙi su yi wanka su shigo zaure, amma ba mai kai cokali baki sai alƙalin wasa ya zauna an ajiye masa nasa. Ko mun ci ko an ci mu, ko ya yi mana adalci ko ya cuce mu, shi ne farko. Ran nan na zuba romon tunkiya da dankali, na yanka burodi da cuku, na ajiye a mazaunin alƙali. Ƙarti sun cika zauren, gashi jiƙe, suna buga cokula a tebur, wani yana ɗaga murya, "Mama, ko tunkiyar ba ta gama mutuwa ba ne?" Kujerar alƙali kuwa babu kowa. Na leƙa ɗakin canza kaya, babu kowa. Da na ga kitse ya fara daskarewa a saman romon, sai na yafa rigar sanyi na fita wajen ajiye motoci.

Can na same ta, alƙaliyar wasan ran nan. Lowri sunanta, ba ta kai 'yata Delyth shekaru ba, ma'aikaciyar jinya ce, ranar Asabar kuma ta ɗauki usur saboda son wasan kawai. Tana zaune a motarta da takalman wasa a ƙafa, taɓo har gwiwa, ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ba ta tayar da motar ba. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi min sauƙi. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce mata abincinta na hucewa. Ta ce, "Mama, na gode, amma ba zan iya shiga ba. Yana zaune a bakin ƙofa." Na ce wa? Ta ce dattijon nan mai tsohuwar hular kulob da sanda. Haydn ne, ƙanin mijina, abokin tsokanata tun ranar da na shigo gidansu.

Kicin ɗina ba shi da taga ta wajen fili, ihu kawai nake ji, ban san me ake faɗa ba. Ita ta gaya min. Tun daga busa ta farko har ta ƙarshe yana bin ta a bakin layi. Wasu maganganun ba zan iya rubuta miki su ba, a kan jikinta, a kan gajeren wandonta, a kan wai da wa ta kwana aka ba ta usur. Na kusa da shi suna dariya. Amma wadda ya fi maimaitawa ita ce, "Koma kicin! Je ki wanke tukwane, can ne wurinki!" Anti, ina tsaye da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, hannuna na warin albasa. Na ce a raina, ashe idan Haydn ya nemi wurin da ya fi ko'ina wulaƙanci ya jefa mace, inda nake tsaye ina dafa masa abinci shekara da shekaru shi ne ya fara zuwa masa a baki.

Ya kamata in gaya miki, mijina Elfed ya rasu a watan Nuwamba. Shi ke kula da filin, shi ke yanke ciyawa, shi ke zana farin layi. Tun da ya tafi nake yawo kamar ba ni ba. Bayan sabuwar shekara na koma kicin, ba don ina so ba, don shirun gidan ya fi ƙarfina. Ina dafawa, ina zubawa, ina wankewa, ban san ɗanɗanon komai ba.

To ran nan ban san daga ina ƙarfin ya zo min ba. Na koma ciki na ja murfin tagar da nake miƙo abinci, ji kike garam! Na ɗauki ludayi na buga a gindin tukunya na ce, "Babu alƙaliya, babu abinci. Ku tambayi na bakin ƙofa dalili." Sai Gethin ya miƙe, kyaftin ɗinmu, ƙato ne mai gyaran rufin gidaje, na san shi tun yana satar min biskit. Ya ce sun ji, dukansu sun ji daga cikin fili, kuma abin kunya ne da sai mai girki ta tuna musu. Ya je gaban Haydn ya ce, "Baba Haydn, ɗauki hularka." Haydn ya ce, "Kai ɗan jiya, ni na koya maka riƙon ƙwallo! Tun ba a haife ka ba ake zagin alƙali a filin nan." Gethin ya ce, "Shi ya sa nake roƙonka da baki, Baba. Da wani ne da tuni na fitar da shi har da kujerar."

Haydn ya fita. Sannan suka yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Kin san layi biyun nan da 'yan wasa ke yi bayan wasa, suna tafi abokan karawa su wuce ta tsakiya? Shi suka yi, namu da baƙi gaba ɗaya, daga ƙofar zaure har bakin motarta, ana yayyafi, wasu da safa kawai a ƙafa, wasu da tawul a wuya. Suna tafi, suna tafi, ba su daina ba sai da ta buɗe ƙofa ta fito. Ta bi ta tsakiyarsu da taɓonta, kanta a sama. Ni kuwa na ruga na mayar da tukunya kan wuta. Kwano biyu ta sha! Wani ƙaton baƙo ya ce min, "Mama, da na san a garinku sai an yi fareti kafin a ci abinci, da na zo da guzurina." Na yi dariya, Anti, dariya ta gaske, ita ce ta farko tun da aka kai Elfed asibiti.

Hukumar wasa ta yankinmu ta kafa doka a kakar nan, ɗan kallon da ya ci zarafin alƙali za a hukunta shi shi kansa, ba kulob kawai ba. Amma kin san halin mutane, yawanci sai a ce ba a gane ko wane ne ba, wai baƙo ne ya zo ya tafi. Namu ba su ɓoye ba. Gethin ya je ya ba da shaida, ni ma na je na faɗi abin da na gani a mota. Aka hana Haydn shiga kowane filin wasa a yankin na shekara guda. Sun bar masa ƙofa ɗaya: idan ya amsa laifinsa ya ba da haƙuri a rubuce, ya kuma shiga horon da ake yi wa sababbin alƙalai har ya busa usur a wasan yara, za a ɗage masa kafin ƙarshen kaka. Ya ce gara ya mutu da ya zauna a benci da mata da yara ana koya masa wasan da ya karya haƙarƙari a cikinsa.

Anti, ki zo ki ga kulob ɗinmu yanzu! Matan da suka daina zuwa sun dawo, har da ƙawar Delyth da ta shiga horon alƙalanci. An ce kowane wasa sai a sami mai kula da 'yan kallo, mai sa rigar nan ruwan ɗorawa, kuma 'yan wasan suka ce ni suke so. Ni! Na ce wa zai duba tukunya? Suka ce za su riƙa karɓa-karɓa, kuma sun yi, ko da yake ranar farko sun ƙona min dankali. Shekarun nan duka ina jin wasan nan ta bango, sai yanzu na gan shi da idona. Ashe haka Gethin yake gudu! Ashe haka ake ɗaga mutum sama ya cafe ƙwallo kamar ba nauyi! Na yi ihu har muryata ta dishe. Makon jiya wani ya buɗe baki zai fara zagin alƙali, na juya na kalle shi kawai, ya haɗiye maganarsa ya ce yana tambayar ƙarfe nawa ne. Kuma 'yan wasan sun roƙa a turo mana Lowri a wasanmu na ƙarshe a gida, cikin Afrilu, ta ce za ta zo. Ranar Juma'a yanzu ba na iya zama wuri ɗaya, kamar yarinya ana gobe biki.

Ga inda kukan yake. Elfed ya bar wasiyya a ƙona gawarsa, an kuma yi. Ya ce a zuba tokarsa a gindin sandunan cin ƙwallo na ɓangaren kogi, ranar wasan ƙarshe na gida, kuma Haydn ne zai zuba da hannunsa. A gabana ya faɗa, Haydn ya riƙe hannunsa ya ce ya yi alkawari. A gindin sandunan nan Elfed ya karye a ƙafa suna samari, Haydn ya goyo shi har bakin titi. Ranar wasan ƙarshe kuwa hukuncin bai ƙare ba.

Kada ki ɗauka mugu ne. Lokacin jinya shi ke kai wansa asibiti, shi ke yi masa aski da ya kasa riƙe reza, shi ke zama yana ba shi labarin tsofaffin wasanni har ya yi barci. Bai taɓa aure ba, filin nan shi ne gidansa. Yanzu ranar Asabar a kan gadar kogi yake tsayawa, bayan shinge, yana kallo daga nesa da hularsa a ruwan sama. Ina hango shi daga bakin layi, ni da rigata ruwan ɗorawa, sai murnar ta koma ciki. Bai yi min magana ba tun ran nan, amma har yau idan na buɗe ƙofa da safe ina samun albasa da kabeji daga lambunsa. Ya aiko Delyth ta ce min wai da Elfed na nan dariya zai yi. Na yi ta juya maganar. Gaskiya Elfed ma yana yi wa alƙalai ihu, yana ce musu makafi, yana cewa zai ara musu tabarau. Amma ban taɓa jin ya taɓa jikin mutum ko mutuncinsa ba. Sai dai kuma ni ina kicin, me na ji?

Kowa da tasa shawarar. Cledwyn, shugaban kulob, ya ja ni gefe ya ce da sassafe ranar zai buɗe ƙaramar ƙofar kogi, Haydn ya shigo ya zuba ya fita, ba wanda zai sani. Wasu sun ce in rubuta wa hukuma in roƙi alfarmar rana ɗaya, ba za su iya hana matar mamaci ba. Delyth ta ce baffan nata shi ya jawo wa kansa, za ta ba ni hannu mu zuba mu biyu. Ni kuma na yi tunanin in roƙi Lowri ta sa baki, na san za ta yarda, yarinya ce mai taushin zuciya, har kek ta kawo min ranar haihuwar Elfed. Amma duk lokacin da na ɗauki waya sai in tuna hannuwanta a kan sitiyari.

Ba na so in karya alkawarin mijina. Ba na kuma so in rushe abin da ya dawo min da raina. Afrilu na matsowa. Tokar Elfed tana nan a kan kabad ɗin falo, ban ba Cledwyn amsa ba, ban kuma taka ƙofar Haydn ba.

Taki,
Mai Ludayi

Mai Ludayi 'yar'uwata,

Allah ya jiƙan Elfed, ya ba ki haƙurin rashinsa. Kafin komai, ki daina jin kunyar murnarki. Ba cin amanar mamaci ba ne mace ta sake jin zuciyarta na bugawa. Abin da kika yi ran nan daidai ne, kuma ba ke kika hana Haydn shiga fili ba, bakinsa ne.

Bari mu bi shawarwarin da aka ba ki. Ƙofar kogi, a'a. A gari irin naku ba abin da ake yi da sassafe bai kai kunnen kowa ba kafin azahar. Ranar da aka ji, duk wanda ya ɓoye nasa mai zagin zai ce ai su ma masu tafin ga abin da suka yi. Gethin ya tsaya gaban wanda ya koya masa wasa, Lowri ta yarda ta dawo filin da aka wulaƙanta ta, ba za ki so su ji cewa hukuncin na rana ne kawai ba. Kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara filin nan a idon jama'a bai cancanci a shigar da shi a ɓoye kamar kayan sata ba.

Roƙon alfarma ma ban goyi baya ba. Gaskiya ne da wuya su hana ki, shi ya sa bai kamata ki tambaya ba. Lowri kuwa ki bar ta. Ita aka ɓata wa, kada a ɗora mata aikin ceton wanda ya ɓata mata, ta rasa yadda za ta ce a'a saboda tana ƙaunarki. Hannunki da ya kasa buga wayar ya fi ki sanin gaskiya.

Amma ban bi Delyth ba ita ma, ko da yake na fahimci fushinta. Elfed ya ambaci hannun ƙaninsa yana sane da halinsa sarai. Mutumin da ya yi wa wansa aski a gadon ciwo, wanda yake tsayawa a gada cikin ruwa, shi ma makoki yake yi, kuma ba shi da kicin ko riga ruwan ɗorawa da za su ɗebe masa kewa. Wannan bai wanke abin da ya faɗa ba ko kaɗan. Ya dai isa dalilin da ba za a fizge masa alkawarin nan cikin fushi ba.

Na lura da abu ɗaya a wasiƙarki. Gethin ya yi wa Haydn magana, hukuma ta yi masa magana, ke ba ki yi ba. Har yanzu yana ganin rigimar tsakaninsa da wata baƙuwar yarinya ce da wata sabuwar doka. Bai san cewa da ya ce koma kicin, matar wansa ya zaga ba. Ki je gidansa da rana, ke kaɗai, ki zauna. Ki fara da gode masa kan jinyar da kan kabejin, don kin san ya cancanta. Sannan ki gaya masa yadda kika gaya min, da ƙyallen girkin da warin albasar, kada ki rage komai. Kada ki shiga gardamar ko Elfed zai yi dariya, ba wanda zai ci wannan gardamar. Ki ce masa kawai ke ba ki yi dariya ba.

Daga nan ki ajiye masa zaɓin a gabansa. Hukuma ta bar ƙofa, kuma ta gaba ce, ba ta kogi ba. Idan ya bi ta, zai shiga fili a Afrilu da ƙafarsa, a gaban kowa, ya cika alkawarinsa. In benci da yara ne ke ba shi kunya, ki ce za ki raka shi ranar farko. Ba mamaki idan ya riƙe usur ya ji iyayen yara na yi masa ihu a ka, ya fahimci abin da ba wanda ya iya fahimtar da shi da baki. Idan kuma ya ƙi, ki gaya masa ba za ki ba wani ya zuba ba, ba kuma za ki shigar da shi a ɓoye ba, za ki jira wasan ƙarshe na baɗi, lokacin da hukuncin ya ƙare. Jiran zai yi miki zafi, ban ɓoye miki ba, kuma ki shirya Delyth tun yanzu don ita ma ubanta ne. Amma ya sani cewa idan Elfed ya ƙara shekara a kan kabad, girman kan ƙaninsa ne ya ajiye shi a can.

Ban yi miki alkawarin zai saurare ki ba. Tsofaffi irinsa sukan yi fushi kafin su yi tunani, don haka idan ya rufe ƙofa ranar farko, kada ki ɗauka an gama. Ki ba Cledwyn amsarsa cikin ladabi, ki ce ya bar ƙofar kogi a kulle. Ranar Asabar ki sa rigarki ki tsaya a bakin layi ki yi ihunki har murya ta dishe.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sassauta ta Haydn, ya kai Elfed inda ya roƙa a hannun da ya zaɓa. Saura ki je ki ƙwanƙwasa ƙofar nan, kuma makon nan ya kamata.

Taki,
Anti Eirlys